Korona da jarabawar ɗaliban likitanci: gata ta yi musu ko ɓarna?

Abu Hanan: Jama'a ni fa har gobe ina kan bakata, korona gata ta yi wa ɗaliban likitanci. Ku duba Amurka, jarabawar Step 2 CS, wato ta gwajin duba marar lafiya don samun lasisin likita, an dakatar da ita a Maris 2020, Janairu 2021 aka ce an binne ta gaba ɗaya. Garuruwa biyar kacal ake yin ta a duk faɗin ƙasar, ɗalibi ya biya sama da dala 1,000 ga kuɗin jirgi ga na otal, don kawai ya duba mutum 12 da aka ɗauko haya suna ciwon ƙarya, kowanne minti 15. Wannan ai dirama ce.

Maman Iman: Haba Abu Hanan. A diramar nan ake gane wanda ya iya sallama da marar lafiya, ya wanke hannu, ya nemi izini kafin ya ɗaga rigar mutum. Ni na zauna a matsayin mai ba da maki a OSCE, wato jarabawar duba marar lafiya a aikace, ta Zoom lokacin ina aiki a Ingila, yaro yana daga ɗakinsa yana ce min yanzu zan sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarin hagu in lalubi saifa, Allah Ya sani ya tsara zance kamar littafi na ba shi makinsa, amma hannun nasa ban gani ba, ko daga ƙasan cibiya ta dama zai faro yana hawa ko kai tsaye zai danna oho. Da baki ai kowa gwani ne.

Ɗan Fagge: Kuma korona ta sa Step 1, jarabawar farko ta lasisin likita a Amurka, ta koma ci ko faɗuwa ba maki

Maman Iman: A'a ƙanena, wannan tun Fabrairu 2020 aka sanar, kafin a kulle ko'ina, 2022 ta fara aiki. Kar a ɗora wa korona abin da ba ta ci ba.

Abu Hanan: To Hajiya me za ki ce da jami'ar Imperial a Landan? Maris 2020 'yan ajin ƙarshe suka rubuta jarabawa daga gida, littafi a buɗe, kuma tambayoyin na tunani ne, a ba ka labarin marar lafiya da sakamakon gwaji ka yanke shawara, wanda bai sani ba kafin ya gama buɗe shafi lokaci ya cinye shi. Likita a bakin aiki ma ai yana duba littafi, haddar ta mece ce?

Maman Iman: Wannan na yarda maka, ilimin ƙwaƙwalwa ne kwamfuta za ta iya auna shi. Na hannu nake magana. Su kansu can Ingila da suka yaye ɗalibai da wuri a Afrilu 2020 ai ba sake su suka yi ba, ƙarƙashin manya aka sa su.

Ummu Sadik: Ku kuna ta kanku, mu da muka yi karatu a wajen Amurka fa? Da aka soke CS sai ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta ce mu rubuta OET, jarabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, wani kuɗin daban. Sauƙin na 'yan ƙasa ne.

Ɗan Fagge: Mu nan ba Zoom ba komai, kulle ya haɗu da yajin ASUU na wata tara muna gida muna kwasar barci 😂

Abu Hanan: Hajiya tsakani da Allah, yaron naki na Zoom kin ƙara jin labarinsa?

Maman Iman: Na ji mana, bayan wata shida muka haɗu a zagayen safe, shi ya fara gane ni. Na ce zo ka nuna min saifar nan da ka ci maki a kanta, sai da na riƙe masa hannu.