Abin da muka tattara kan tafiyar ƙafa a duwatsun Asir

Bayan Isha'i muka zauna a Jidda da 'yan'uwa da suka taɓa taka duwatsun Asir da ke kudu maso yammacin Saudiyya, daga dutsen Sauda zuwa ƙauyen Rijal Alma. Ga abin da na riƙe.

Maganar da aka fi daɗewa a kai ita ce numfashi. Mu mazauna bakin teku ne, ita kuwa Abha, babban birnin Asir, ta haura mita 2,200 sama da teku, dutsen Sauda ya kusa 3,000. Wani dattijo ya ce, "Yaro, ka kwana biyu a Abha tukuna, jiki ya saba." Na yarda da shi, domin ciwon kai da haki kan kama ko ƙaƙƙarfa. Dare akwai sanyi, hazo kuma yakan rufe hanya farat ɗaya, don haka a ɗauki rigar sanyi, a fita da asuba.

Gangarowa Tihama, wato yankin da ke gindin duwatsun ta wajen teku, ta fi hawa cin gwiwa. Sanda da takalmin da ƙafa ta saba da shi dole ne. Kada a kwana a cikin kwari. Ruwan da aka yi a sama yakan sauko da ƙarfi ko da inda kake rana ake yi.

Birai suna da yawa, a ɓoye abinci.

A ƙauye a yi sallama, a karɓi gahawa in an miƙo, kada a ɗauki hoton mata ko gidaje ba izini. Iƙama, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu, a rubuta lambar motar asibiti, 997, a kuma gaya wa na gida hanyar da za a bi.