Musayar Waƙa: Yadda Labarin Yaƙi Ke Ɗauko Soja da Ransa

Ɗalibin Alƙalami:

Da sunan Allah nake farawa,
Tambaya ce gare ku, masana.
Tarihi ya iya ƙirga gawa,
Ya faɗi fage, ya faɗi suna.
Ranar 1 ga Yuli, 1916,
A Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Som ta Faransa aka yi ɓarna,
Sojan Birtaniya sama da 19,000
Suka kwanta dama kafin faɗuwar rana.
Mai karatu kan wuce adadin nan,
Labarin soja guda ya hana shi kwana.
To me marubuci ke zubawa
Har ƙage ya fi lissafi ƙuna?

Malam Mai Gyaran Rubutu:

Ɗan'uwa, fara daga doron soja,
Kafin ya yi harbi, auna masa kaya.
Litar ruwa kilo guda ce,
Ga hular kwano, ga jaka a baya.
In ka sa shi gudu kamar barewa
Da kilo 30, ka shirga ƙarya.
Gidan harsashin AK-47
Guda 30 yake ci, nan ya tsaya.
In ya danne kunama bai ɗaga ba,
Daƙiƙa 3 sai ya nemi na sauya.
Wanda ya bar shi yana ta ɓarin wuta
Shafi uku cur, ya saki hanya.
Walƙiyar igwa ido ke fara gani,
Ƙararta kan iso daga baya.
Daƙiƙa 3, kilomita guda ke nan,
Tsohon hannu na ƙirgawa a zuciya.
Kar ka rubuta mana "ya tsorata",
Nuna leɓensa yana ɗaya, biyu, ɗaya.

'Yar Bita:

Malam, na karɓa, sai dai da saura,
Harbi kaɗan ne, jira ke da yawa.
A ramukan Faransa da Beljiyam
Taɓo da sanyi suka fi gallazawa.
Ƙafa ta kwana a jiƙaƙƙen takalmi,
Ta kumbura, ta daina jin taɓawa.
In ba a sauya safa an shafa mai ba,
Ruɓa ta shiga, sai yankewa.
Kwarkwata kan yi ƙwai a ɗinkin riga,
Da wutar kyandir ake bi ana ƙonawa.
Ka ba wannan zama shafi goma,
Artabu shafi biyu ya isa gamsarwa.
Kuma kar ka ɗora soja kan tsauni
Yana kallon daga yana fassarawa.
Taswira tana can tantin janar,
Shi taku kaɗan yake hangowa:
Ƙeyar na gabansa, hayaƙi, ƙura,
Da rabin umarni cikin kururuwa.

Mai Jayayya:

Ku dakata, Yaya, ban gamsu ba.
Wanda ya sauya suna da rana,
Ya dunƙule mutum uku ya zama guda,
Ya sa masa kalmar da bai faɗa ba,
Anya bai ci amanar matattu ba?

Malamar Adabi:

Ɗana, tambayarka tana bisa turba,
Amma tunawar soja ba ta bin jeri.
Ya manta wata, ya manta sunan ƙauye,
Bai manta ƙaurin roba ba, da wari.
Shekara 20 da ajiye kaki,
Ƙofa ta buga, ya kwanta ƙasa da sauri.
A 1915 likitocin Ingila
Suka ɗora laifin wannan ciwon firgita kan bam da tartsatsin wuri.
Wasu kuwa aka ce gudu ne da ragwanta,
Kotun soja ta yanke, aka harbe su a ɗaure da ƙarfin tsari.
Duk masu irin wannan hukunci su 306, sai a 2006
Birtaniya ta yafe musu, bayan dogon jinkiri.
A 1980, bayan yaƙin Biyetnam,
Likitocin Amurka suka sa ciwon a kundi da tsari.
Wanda ke ɗauke da irin wannan rauni
Ba zai zayyano maka tiryan-tiryan ba tun fari.
To ga yadda ake ɗinka shi:
Buɗe da ƙauri ko ƙara, ban da dogon shiri.
Yanke jimlar a tsakiyarta,
Ka mai da shi ɗaki, ga matarsa, ga fitilar gari.
Koma wa daren nan har sau uku,
Kowace komawa da ɗan ƙari.
Na farko ya ce abokinsa ya faɗi,
Na biyu ya ce ya ji kira cikin tari.
Sai a na uku bakinsa zai furta
Cewa ya ji, bai koma ba, ya bari.
Inda ake ɓatawa: "sai ya tuna",
A jero komai kamar rahoton hari,
Ko a warkar da shi a babin ƙarshe
Don mai karatu ya samu sarari.

Mai Jayayya:

Malama, na sauko, amma da sharaɗi:
Sunan soja a sauya, ban hana ba.
Ranar daga da aka san ta a kundi,
Wannan kam ba ta marubuci ba ce, ba a taɓa ba.

Malam Mai Gyaran Rubutu:

Sharaɗinka ya karɓu, ga ƙarin guda:
Kar ka sa mai rauni ya yi doguwar huɗuba.
Ruwa yake roƙo, uwa yake kira,
Yana tambaya ko ƙafarsa ba ta tafi ba.
Abokinsa ya ce masa tana nan,
Yana ɗaure cinyar, bai ko duba ba.