Kayan zamiyar ƙanƙara: wanne ya riƙe muku ɗumi, wanne ya ba ku kunya?

Baƙon Dutse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na fara gwada zamiyar ƙanƙara, wato siki, kuma sanyi ya hana ni sakat. Na sa singiletin auduga, riguna biyu da jaket mai kauri, amma kafin rana ta take bayana ya jiƙe sharkaf. Ina zama a kujerar da ke hawa da mu kan dutse sai haƙorana suka fara kaɗawa. Yatsun ƙafa kuwa ban ji su ba sam, duk da safa biyu. Waɗanda suka daɗe a harkar, don Allah ku ba mu abin da kuka gani.

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Singiletin nan ne ya cuce ka, ni ma shekarata ta farko haka na sha. Kana gangarowa jiki na aiki, zufa na fita, auduga ta shanye ta ta riƙe. Da ka zauna shiru iska ta buge ka, sai ka zama kamar wanda aka naɗe da jiƙaƙƙen tawul, domin ruwa na janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Yanzu hawa uku nake sawa. Wadda ke taɓa fata ta ulun merino ce (gashin wata irin tunkiya) ko ta foliyesta, mai kama jiki. A kanta rigar fulis, wani yadi mai laushi kamar bargo. Daga waje jaket marar kauri mai tare iska da ruwa. Amfanin wannan shi ne idan rana ta fito sai in cire ta tsakiya in jefa a jaka. Kuma kada ka jira ka jiƙe kafin ka buɗe zif ɗin hammata, da ka ji ɗumi ya fara yawa ka buɗe. Na fi son merino saboda kwana biyu ko uku ba ya wari, sai dai yana jinkirin bushewa.

Tsohon Hannu:
Safa biyu ita ce matsalar ƙafarka, Malam. Takalmin siki dama a matse yake, ka ƙara safa sai jini ya kasa kaiwa yatsu. Safa ɗaya siririya mai kaiwa gwiwa, babu tattara, kuma kada ka cusa ƙafar wandon ciki a takalmin. Girman takalmin da tsawon ƙafarka a santimita ake auna shi, shi ne tsarin Mondopoint, don haka a auna ka a tsaye. Ni idan na hau kujera nakan sassauta maɓallan da ke kan bayan ƙafa, in sake ɗaurewa idan na isa saman dutsen. Da dare in zaro soson cikin takalmin ya sha iska a ɗaki. Na taɓa jingina shi da hita, da safe ya lanƙwashe, bai ƙara zama daidai ba.

'Yar Iska Mai Sanyi:
Ni hannu ne damuwata. Safar hannu mai yatsu biyar ba ta taɓa yi min ba, sai da na koma wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya suna ɗumama juna, da wata siririya a ciki don ɗaukar hoto. Wayar ma a aljihun ciki nake sa ta, sanyi na kashe batir farat ɗaya.

Tsohon Hannu:
Hajiya Maman Biyu, ban yarda da jaket marar kauri ga kowa ba. Mai koyo yakan daɗe a tsaye yana sauraron malami, yana faɗuwa yana zama a ƙanƙara. Ga shi duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 na Celsius. Ɗana da jaket mai soso a ciki ya fara, kuma ya fi jin daɗi.

Maman Biyu:
Gaskiyarka Yaya, musamman ga yara. Amma ko wacce ce, a duba lambar tare ruwa da ke jikinta, yawan lambar yawan ƙarfin hana ruwa shiga. Tawa ta farko 5,000 ce, ranar da aka yi jiƙaƙƙiyar dusar ƙanƙara ta bi kafaɗa ta shiga. Daga 10,000 abin ya yi sauƙi, wando kuwa na fi son 20,000 saboda zama a jiƙaƙƙiyar kujera. A duba ɗinkin ma, ko an like shi da tef ta ciki.

Mai Gyaran Kaya:
Bari in taɓo kula da kayan, nan mutane ke asara. Shekara uku ban wanke jaket ɗina mai Gore-Tex ba, wato yadin da ke tare ruwa amma ya bar zufa ta fita, ina tsoron kada wanki ya lalata shi. Ashe datti da maiƙon jiki ne ke lalata shi: ruwa ya daina gangarewa dunƙule-dunƙule, yadin waje ya riƙa jiƙewa, zufa ta kasa fita, na zaci yoyo yake. Na zuge dukkan zif, na wanke da sabulun ruwa kaɗan, ban sa maganin laushin tufa ba, na ɗauraye sau biyu. Bayan ya bushe na sa shi minti 20 a injin busarwa da zafi kaɗan, sai ga ruwa na tsalle a kansa kamar sabo. Ku dai karanta takardar da ke jikin rigarku tukuna.

Tabarau kuma, kada a goge cikinsa yana jiƙe, akwai wani shafi mai hana hazo da ke gogewa, nawa haka ya mutu. A karkaɗe, a bar shi ya bushe. Kada kuma a cire shi don an ga gajimare: sabuwar dusar ƙanƙara na iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ni na taɓa cirewa, na kwana ɗaya idona kamar an zuba yashi. Idan lokacin siki ya wuce, ina share ƙarfen gefen allunan zamiyar ya bushe saboda tsatsa, in shafa kaki mai kauri in bar shi a kai, takalmi kuma a ajiye shi da maɓallai a ɗaure sako-sako don kada robar ta buɗe.

Baƙon Dutse:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Asabar zan koma da safa ɗaya da rigar merino. Yaya Tsohon Hannu, hular kwanon da na aro ta taɓa buguwa da ƙarfi amma ba ta tsage ba, in sa ta?

Tsohon Hannu:
A'a, nemi wata. Soson cikinta bugu ɗaya yake ɗauka, idan ya matse ba ya dawowa, ko da waje bai nuna komai ba.