Neman shawara: Ina jin kiran aikin bishara a ƙasar waje, amma nauyin Mama na kaina

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni malamar makaranta ce a Agege, asalina daga Gombe. Da dare nakan rubuta gajerun nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa in saka a Facebook da WhatsApp. Tun da wasu daga Maraɗi da Kumasi suka fara turo saƙo suna neman ƙari, zuciyata ta ƙi kwanciya. In na karanta Ishaya 6:8, "Ga ni, ka aike ni," sai in ji da ni ake. Amma Baba ya rasu, ni ke aika wa Mama kuɗin magani, ni ke biyan makarantar autanmu. Ko fastonmu ban gaya wa ba tukuna. In ajiye aiki in tafi, ko in ci gaba da rubutuna daga Legas?

Dattijon ekklesiya, Obalende: 'Yata, zancen faston nan ne ya tsaya mini a rai. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 13. Ruhu Mai Tsarki ne ya kira Barnaba da Shawulu, amma 'yan'uwa na Antakiya ne suka yi azumi da addu'a, suka ɗora musu hannu, suka sallame su. Mai bishara ba ya aiken kansa. Nan Ikko samari uku na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 ciwo ya ɗauke biyun farko, Bingham ya koma gida, sai 1902 aikin ya samu gindin zama a Patigi, ƙasar Nupe. Himma suna da ita, ai ba ita ta gaza ba. Yau hanya a buɗe take: ekklesiyar ECWA tana da EMS, sashenta na aika masu bishara, a Jos, ga ƙungiyar mishan ta CAPRO da aka fara a Zariya a 1975, kuma hedikwatarta nan Legas take. Sai an horar da mutum kafin a tura shi. Je ki sami fastonki da dattawa cikin makon nan.

Wata mama 'yar Zumuntar Mata, Idi-Araba: Baba dattijo ya faɗi gaskiya, amma ni Mamarki nake tunani. Duba 1 Timoti 5:8. Mai bishara da tallafin 'yan'uwa yake ci, kuma na ga masu ɗaga hannu a majami'a su yi alkawarin kuɗi duk wata, kafin shekara ta zagayo wayarsu ba ta shiga. Ki je gida ki zauna da ita a tabarma, ki tara yayyenki a san wa zai ɗauki maganin. In ta sa miki albarka, tafiyar za ta yi sauƙi.

Ɗan ƙungiyar matasa, Mile 12: Anti, ƙasar wajen ai ta biyo ki har gida. Shigo kasuwarmu ki ga 'yan Nijar nawa ke sauke buhunan albasa. Amma da yawansu ba sa karanta boko, don haka ki riƙa karanta rubutun da murya ki tura. Da Hausar kasuwa, ba ta kan bagade ba.

Ɗan'uwa da ya yi hidima a Nijar: Kada Hausa ta ruɗe ki, 'yar'uwa. A kasuwar Maraɗi za ta kai ki ko'ina, amma takardun ofis da Faransanci ake yi, ki fara koyo tun yanzu. Tallafinki da naira zai zo, ki canza shi zuwa sefa, nan za ki ga ya ƙanƙance. Sannan akwai haɗari: a Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Abin da ke sa a yarda da baƙo shi ne amfaninsa ga gari, shi ya sa asibitin mishan na Galmi a Nijar ke tsaye tun 1950. Takardar koyarwarki kada ki raina ta. Ki yi amfani da dogon hutu ki je ki zauna wurin masu bishara na wata guda, ki ci tuwonsu ki sha zafin ranarsu, sannan ki yanke.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka. Na kira fasto, ya ce in same shi bayan sujadar Lahadi. Ɗan'uwa na Nijar, Faransancin nan a ina zan fara koyonsa a Legas ba tare da albashina ya ƙare a kai ba?