Yoga da bugun zuciya: abin da masana suka tattauna a Jos

Likitocin zuciya da masu gashin ƙashi da suka tattauna a Jos sun haɗu a kan cewa sirrin yoga, wato motsa jiki mai haɗa miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi, yana cikin numfashi ne, ba lanƙwasa jiki kaɗai ba. Idan hankalin mutum ya tashi, jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta yi sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti ɗaya, yana zaburar da jijiyar da ke taka wa zuciya birki. A shaƙi iska daƙiƙa 4, a fitar cikin daƙiƙa 6. Fitarwar ce ke rage gudun bugun. Minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai.

Inda aka fi jan kunne shi ne riƙe numfashi ana yunƙuri, domin yana ɗaga jini nan take. Mai hawan jini da bai daidaita ba, ko mai ciwon hawan ruwan ido, kada ya yi salon da ake kifa kai ƙasa, ƙafafu sama. Mai shan maganin hawan jini kuwa, idan ya gama kwanciyar hutu ta ƙarshen yoga, ya juya gefe, ya zauna tukuna. Zumbur ɗin nan ne ke kawo jiri.

Da asubar hunturun Jos jiki a sandare yake, a fara da tafiyar minti 5. A auna jini bayan hutun minti 5 a zaune; idan yana kaiwa 140/90, a ga likita, kuma kada a ajiye magani saboda yoga.