Muhawara: Shin duk rawayar ganye a akwatin shuka yunwar taki ce?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Ina da akwatin shuka da aka gina da bulo da siminti, tsayinsa ya kai gwiwa, kuma a cikinsa akwai ƙananan itatuwan ado iri biyu, Ixora da Hibiscus. Tun da zafi ya shigo ganyensu yake komawa rawaya, wasu har suna zuba, duk da cewa ba na fashin ba su ruwa safe da yamma. Wanda ya dasa mini su ya ce duk shukar da ta yi rawaya a cikin akwati yunwa take ji, kuma maganinta shi ne a zuba mata takin zamani. Kafin na zuba, ina so na ji ko maganar haka take.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ina tare da shi, kuma dalilina a bayyane yake. Itacen da yake cikin ƙasa yana miƙa saiwarsa duk inda ya ga dama ya nemi abinci, amma wanda yake cikin akwati ba shi da komai sai ƙasar da aka zuba masa. Sinadarin naitirojin, wanda shi ne jigon koren ganye, yana narkewa cikin ruwa, don haka duk ban ruwan da aka yi yana wanke wani ɓangare nasa ya fita da shi. Akwatin da ake ba wa ruwa sau biyu a rana, kuma ba a ƙara masa taki, ba makawa zai tsiyace. Ki samu kamfa mai 15-15-15 ko yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ki barbaɗa kaɗan nesa da gindin shukar, za ki ga canji cikin makonni kaɗan.

Abu Hafsat: Malam, bayanin da ka yi game da wankewar naitirojin gaskiya ne, amma hukuncin da ka ɗora a kansa ya yi faɗi da yawa. Rawayar ganye tamkar zazzaɓi take a jikin mutum, tana nuna cewa akwai cuta, amma cututtukan da suke kawo ta suna da yawa. Abin da ya fi ja hankalina a maganar Hajiya shi ne ban ruwa safe da yamma a akwatin siminti. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da take cikin ƙananan kafofin ƙasa, kuma idan ruwa ya cika waɗannan kafofi kullum, ƙananan saiwoyin da suke tsotsar ruwa da abinci su ne suke fara mutuwa. A irin wannan ƙasa ce kuma ƙwayoyin cutar ruɓewar saiwa, irin su Phytophthora da Pythium, suke yaɗuwa. Shukar da saiwarta ta ruɓe takan yi rawaya, har ta yi yaushi da rana kamar mai jin ƙishirwa, alhali tana zaune cikin ruwa, sai mai ita ya ƙara mata ruwan, abin ya ƙara lalacewa. Takin zamani kuwa gishiri ne a asalinsa. Idan aka zuba shi a kan saiwar da ta riga ta raunana, zai janye ruwa daga cikinta ya ƙone sauran da ta rage. Saboda haka shawarar a fara da taki tana iya kashe shukar da da za a iya cetowa.

Baban Khalifa: Ai akwatin da aka ɗaga sama ya fi ƙasa saurin tsanewa, shi ya sa ma ake gina shi. Ta yaya ruwa zai kwanta a cikinsa, kuma a lokacin zafi?

Abu Hafsat: Yana tsanewa ne idan ruwan yana da mafita. Akwati da yawa an gina su a kan daɓen siminti, ko dai ba a bar musu kafar fitar ruwa ba, ko an bar guda ɗaya ƙarama wadda laka da saiwa suka toshe. Saman ƙasar yakan bushe cikin awa kaɗan saboda rana, amma can ƙasa laka ce tsundum. Hajiya, ki yi mana abu uku kafin mu ci gaba. Ki tona gefen shukar da hannu zurfin santimita 15 zuwa 20 kafin ban ruwan safe, ki ji damshin ƙasar kuma ki shinshina ta. Ki ciro 'yan saiwoyi ki duba, domin lafiyayyar saiwa fara ce ko mai hasken ƙasa-ƙasa kuma tana da tauri, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ja mai duhu, tana da laushi, kuma fatarta tana saɓulewa idan aka ja ta da yatsa. Sannan ki gaya mana waɗanne ganyaye ne suka fara yin rawaya, na ƙasa tsofaffi ko na sama sababbi.

Ummu Salma: Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a ganina, kuma ina so na tsaya a kanta. Shuka tana iya kwashe wasu sinadarai daga tsohon ganye ta kai wa sabo, wasu kuwa ba ta iyawa. Naitirojin yana cikin waɗanda take kwashewa, shi ya sa idan shi ne ya yi ƙaranci tsofaffin ganyayen ƙasa ne suke fara koɗewa, kuma rawayar takan mamaye ganyen gaba ɗaya har da jijiyoyinsa. Magnesiyam ma daga tsohon ganye yake farawa, sai dai jijiyoyin sukan kasance kore, tsakaninsu ne yake yin rawaya. Sinadarin ƙarfe kuwa ba ya motsawa daga inda ya zauna, don haka ƙarancinsa a sabon toho yake bayyana: ganyen ya yi rawaya mai haske, wani lokaci har ya kusa zama fari, jijiyoyinsa kuma su fito kore shar kamar an zana su. Wanda ya zuba yuriya a kan wannan hali na uku bai magance komai ba, domin zai sa shukar ta fitar da sababbin ganyayen da su ma ba za su sami ƙarfen ba.

Abin da ya sa nake zargin ƙarfe a nan shi ne siminti da kuma Ixora. Siminti, musamman sabo, yana sakin sinadarin alli cikin ƙasar da take jikinsa, kuma wannan yana rage tsamin ƙasa, wato yana ɗaga ma'auninta na pH, lambar da ake auna tsamin ƙasa da ita, wadda take hawa idan tsami ya ragu. Yawancin itatuwan ado suna jin daɗi tsakanin 6 da 7, amma Ixora da gardeniya da azaliya suna son ƙasa mai tsami, wajen 5 zuwa 6. Da zarar ma'aunin ya haura 7, ƙarfen da yake cikin ƙasar yakan daskare ya koma siffar da saiwa ba ta iya tsotsa, ko da kuwa yana nan da yawa. Ruwan rijiya mai alli da yawa, irin wanda yake barin farin ɓawo a cikin tukunya, yana ƙara wannan matsala a duk ban ruwa, haka ma tokar itace da wasu suke zubawa da niyyar taki.

Maman Sadiq: Na gode muku, na duba yadda kuka ce. Ƙasar tana jiƙe sharkaf a ƙasa, tana ɗan wari, kuma kafar fitar ruwan guda ɗaya ce, na same ta a toshe. Saiwoyin da suke can ƙasa sun yi baƙi sun yi laushi, amma na kusa da sama farare ne. A jikin Hibiscus ganyayen ƙasa ne suke yin rawaya suna zuba, a jikin Ixora kuwa sabon toho ne ya koɗe, jijiyoyinsa suna nan kore.

Baban Khalifa: To, ai Hibiscus ɗin ya tabbatar da maganata, tunda Hajiya Ummu Salma da kanta ta ce rawayar tsohon ganye alamar ƙarancin naitirojin ce. Kuma ƙasar da ruwa ya kwanta a cikinta tana asarar naitirojin ta wata hanyar, domin idan babu iska ƙwayoyin halittar ƙasa suna mayar da shi iska ya tashi. Don haka yunwar tana nan. Na yarda a fara buɗe kafar ruwa, amma ban yarda a ce taki ba shi da gurbi a maganin ba.

Abu Hafsat: Yana da gurbi, Malam, saɓaninmu a kan lokaci ne da kuma kalmar "duk". Yawan ruwa shi ma daga ganyen ƙasa yake fara nunawa, saboda haka ganyen Hibiscus shi kaɗai bai isa ya raba gardama ba, amma baƙar saiwa da warin ƙasa sun raba ta. Ga abin da nake ganin ya dace. A buɗe kafar da ta toshe, a kuma huda wasu a gindin bangon, ɗaya a kowane taku ko makamancin haka, daidai da matakin daɓen domin kada ruwa ya sami wurin taruwa. A dakatar da ban ruwa har sai santimita 5 na saman ƙasar sun bushe, daga nan kuma a riƙa ba da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya har ya fito ta kafofin, maimakon yayyafi sau biyu kullum. A duba gindin kowace shuka ko an binne ta da zurfi, domin wurin da kara yake haɗuwa da saiwa ya kamata ya kasance daidai da saman ƙasa. A kankare ɓawon reshe kaɗan da farce: idan ƙarƙashinsa kore ne reshen yana da rai, idan ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa a yanke shi. Kada a yi wa shukar aski mai yawa yanzu, tunda da sauran ganyenta za ta samar da abincin da za ta gina sabuwar saiwa.

Abban Yusra: Ni shawarata ita ce a ciro su duka, a shimfiɗa tsakuwa a ƙasan akwatin, sannan a mayar da ƙasar. Haka na ga magina suna yi domin ruwa ya wuce.

Ummu Salma: Ɗan'uwa, wannan dabara ta yaɗu sosai, amma ba ta yin aikin da ake zato. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya sauka cikin tsakuwa har sai ƙasar da take samanta ta cika ta ƙoshi, don haka shimfiɗar tsakuwa tana ɗaga jiƙaƙƙen ɓangaren ne ya matso kusa da saiwa, kuma tana rage zurfin da saiwar za ta zauna. Idan har za a ciro shukokin, abin da yake amfani shi ne a yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da wuƙa mai tsabta, a gauraya ƙasar gaba ɗaya da ruɓaɓɓen taki da ya gama nuna da kuma ɓawon itace da aka daddatsa. Kada a gauraya ɗanyen garin katako, domin ƙwayoyin da suke ruɓar da shi suna cinye naitirojin ɗin ƙasar, sai a jawo yunwar da Malam yake magana a kai.

Game da Ixora kuma, kada a yi gaggawar sayen maganin ƙarfe, tunda kwanciyar ruwa da kanta tana hana saiwa tsotsar ƙarfe, kuma yana yiwuwa sabon toho ya fito kore bayan ƙasar ta tsane. A gwada ma'aunin ƙasar da takardar gwaji, ko a ɗiga ruwan khal a kan busasshiyar ƙasa, idan ta yi kumfa to akwai alli da yawa a cikinta. Idan ma'aunin ya haura 7, garin farar wuta yana sauke shi, sai dai aikinsa na watanni ne, domin ƙwayoyin ƙasa ne suke sarrafa shi a hankali. Kafin nan ana iya amfani da maganin ƙarfe mai alamar EDDHA, wanda yake aiki ko a ƙasa mai alli, saɓanin mai alamar EDTA da yake rasa ƙarfinsa idan ma'aunin ya wuce 6.5. Feshin ƙarfe a kan ganye, ganyen da ya taɓa kawai yake mayarwa kore, na bayansa zai sake fitowa a koɗe.

Maman Sadiq: Saura tambaya ɗaya. Ta yaya zan gane cewa sun fara farfaɗowa, kuma yaushe zan sa takin?

Baban Khalifa: Kada ki jira tsofaffin ganyayen su dawo kore, Hajiya, yawancinsu zuba za su yi. Sabon toho za ki duba. Ni a ganina da zarar ƙasar ta tsane kuma warin ya tafi, ki ba su rabin adadin takin da aka rubuta a jikin buhu, a narke cikin ruwa, domin Hibiscus shuka ce mai cin taki kuma jinkiri zai ƙara raunana ta.

Abu Hafsat: A nan ma ina da ja kaɗan. Tsanewar ƙasa ba ta nuna cewa saiwar ta warke. Na fi son Hajiya ta jira har ta ga sabon toho ya buɗe, ta sake tona gefe ta ga fararen saiwoyi sababbi, sannan ta ba da rabin adadin da Malam ya ambata. Ga Ixora ta zaɓi taki mai amoniyam salfet, wanda yake ƙara wa ƙasa tsami, kuma ta zuba shi a kan ƙasa mai damshi, nesa da karan shukar.