Me za mu kira gallery da Hausa? Ni dai na tsaya a kan zauren zayyana

1/ Jama'a, ku taya ni neman wata kalma. Na dawo daga Sawira, garin nan na gaɓar Tekun Atlantika a Maroko da Turawa ke kira Essaouira. Na zauna rubuta labarin tafiyar, sai na maƙale a kan abin da Bature ke ce wa gallery.

2/ Bari in kwatanta muku. Gari ne mai ganuwa, Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina shi a shekarun 1760, kuma a da nan ayarin Timbuktu ke sauke kaya. Iskar teku ba ta hutawa. A ƙarƙashin ganuwar Skala, inda tsofaffin bindigogin igwa ke fuskantar ruwa, masassaƙa na ƙera akwatuna da itacen arar, ƙamshinsa ya cika lungun. Waɗannan shaguna ne, babu gardama.

3/ Amma akwai wasu ɗakunan daban, irin wanda Frederic Damgaard, mutumin Danmak, ya buɗe a 1988 ya tara aikin masu zanen garin da ba su yi makarantar zane ba, irin su Mohamed Tabal. Bango fari tas, kowane zane an ba shi fili. Ka shiga, ka tsaya, ba mai ce maka nawa ka taya. Na daɗe gaban wani zanen makaɗin Gnawa, wato wasu masu kiɗan gargajiya na Maroko, riƙe da gimbirinsa mai tsirkiya uku, yaransa da ƙarafan kiɗa kamar sambaninmu. Gabana ya faɗi, don kakannin mutanen nan daga ƙasashenmu na kudancin Sahara aka kai su bayi. Wurin da zai tsayar da mutum haka ya cancanci suna na kansa.

4/ An ce gidan tarihi. A'a. Gidan Makama a Kano gidan tarihi ne, abin da ke ciki ba na sayarwa ba ne. A nan kuwa mai zanen na raye, kuma in kana da kuɗi ka tafi da aikinsa.

5/ Ɗakin baje koli ya yi kasuwa da yawa.

6/ Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce zauren zane. Hajiya, zauren nan naki ya kwanta mini ƙwarai. Zaure ne wurin da baƙo ke shiga da sallama kawai, ya zauna, a yi hira, a yi ciniki in ta kama, ba tare da ya ratsa cikin gida ba. Matsalar a rubuce take: tunda ba ma sa karin sauti, wani zai ɗauka wurin sayar da zanen ɗaurawa ne. Zauren fasaha ma na gwada, amma kimiyya da fasaha ta riga ta ja kalmar zuwa kwamfuta da injuna.

7/ Shi ya sa na koma kan zayyana. Duk wanda ya ga allon sauka ya san ta: aikin hannu da launi, an yi shi don ido ya more, a ɗaga shi jama'a su gani. Wani malami ya ce mini kalmar ta jingina da allo da Alƙur'ani, kada a ja ta zuwa hotunan mutane. Allah gafarta malam, na ji, kuma ban raina wannan ba. Sai dai muna cewa an zayyana bango, an zayyana labari, ba wanda ya ga laifi. Inda take da rauni a wurina shi ne sassaƙa, don da ƙyar take ɗaukar gunkin itace.

8/ Duk da haka abin da na rubuta ke nan: “Da la'asar, bayan mun ci gasasshen kifi a bakin tashar jiragen ruwa, muka shiga wani zauren zayyana kusa da ƙofar gari.” Na karanta wa mahaifiyata jimlar, ba ta tambaye ni ma'anarta ba, sai ta ce a nuna mata hoton wurin.